Idan Abin da Aka Faɗa Maka Ba Shi Ka Samu Ba: Jagora Kan Dokokin Hana Yaudara Wajen Siffanta Kaya da Ayyuka

Mai saye ba ya iya buɗe kwalbar magani ya auna sinadaran da ke ciki, ba ya iya sanin tsawon tafiyar da mota ta yi kafin ta iso hannun dillali, kuma ba ya iya leƙa ɗakin otal ɗin da ya biya kuɗinsa tun yana wata ƙasa. Abin da yake dogara da shi kawai shi ne maganar mai sayarwa, ko ta fito daga baki, ko an buga ta a jikin kwali, ko an saka ta a talla. Saboda haka ne dokokin ƙasashe da dama suka ɗauki wannan magana a matsayin wani ɓangare na abin da aka saya. Wanda ya biya kuɗin takalmin fata ya biya kuɗin kalmar "fata" ma, kuma idan aka ba shi na roba an tauye masa hakki, ko da takalmin yana da kyau da ƙarko.

Wannan ƙa'ida tsohuwa ce. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani kan tadlisi, wato ɓoye aibin haja, da kuma zaɓin da mai saye yake da shi na mayar da kaya idan aibin ya bayyana, kuma aikin muhtasibi ne a biranen Musulmi na da ya zaga kasuwa yana duba ma'auni da algus. A zamanin nan, Birtaniya ta yi doka kan tamburan kayan ciniki a 1887, sannan a 1968 ta kafa dokar siffanta kayan ciniki wadda ta mai da siffantawar ƙarya laifi. Amurka ta kafa hukumar kasuwanci ta tarayya, wato FTC, a 1914, kuma a 1938 aka ba ta ikon hana ayyukan yaudara kai tsaye. Tarayyar Turai ta fitar da umarninta kan ayyukan kasuwanci marasa adalci a 2005, Afirka ta Kudu ta yi dokar kare masu saye a 2008, Najeriya ta yi tata mai ɗauke da shekarar 2018 wadda ta kafa hukumar kula da gasa da kare masu saye ta FCCPC, Indiya kuma ta sabunta tata a 2019. Kalmomin dokokin sun bambanta, haka ma hukunce-hukuncensu da wa'adinsu, amma ƙashin bayansu ɗaya ne, kuma a kansa aka gina matakan da ke tafe.

Mataki na farko: fitar da ainihin abin da aka faɗa

Mafi yawan masu ƙorafi suna farawa ne da cewa "an cuce ni", alhali hukuma ko kotu ba za ta iya aiki da wannan ba sai an nuna mata wace magana ce aka yi, wa ya yi ta, a ina, kuma yaushe. Don haka ka zauna ka rubuta siffantawar yadda take, ba tare da ƙari ko ragi ba. Dokar Birtaniya ta 1968 ta lissafa abubuwan da siffantawa kan shafa, kuma jerin nata yana da amfani ga kowa a ko'ina: yawan kaya da girmansu, yadda aka ƙera su, abin da aka haɗa su da shi, ƙarfinsu da dacewarsu da aikin da aka ce suna yi, gwajin da aka ce an yi musu, amincewar da aka ce wata hukuma ta ba su, wuri da lokacin da aka yi su, wanda ya yi su, da kuma tarihinsu, har da waɗanda suka taɓa mallakarsu. Ka bi wannan jeri ɗaya bayan ɗaya ka ga inda matsalarka ta faɗa.

Kada ka taƙaita bincikenka ga kalmomi. Hoton da ke jikin kwali siffantawa ne, tutar wata ƙasa da aka liƙa don a ɗauka can aka ƙera kayan siffantawa ce, haka ma tambarin hukumar kula da inganci da aka buga ba tare da izini ba. Kotunan Ingila sun ɗauki lambar da ke jikin mitar ƙirga tafiyar mota a matsayin siffantawa, ta yadda dillalin da ya juya mitar baya ya yi ƙarya ko da bai furta komai ba. A ɓangaren ayyuka kuma, maganar na iya kasancewa kan ƙwarewar mai aikin, ko takardar shaidar da ya ce yana da ita, ko kayan aikin da ya ce ya saka, ko abubuwan more rayuwa da aka ce masauki yana da su.

Mataki na biyu: raba kirari da iƙirari

Doka ta san cewa ɗan kasuwa yana yi wa hajarsa kirari, kuma ba ta hana shi ba. Wanda ya ce sabulunsa ya fi kowane sabulu daɗin ƙamshi bai faɗi abin da za a iya aunawa ba, kuma mai hankali ba ya ɗaukar wannan a matsayin alkawari. Amma da zarar ya ce sabulun yana kashe kashi kaza na ƙwayoyin cuta, ko likitoci sun gwada shi, to ya bar kirari ya shiga iƙirari, kuma wajibi ne ya iya kare shi. Ma'aunin da zai taimake ka shi ne ka tambayi kanka ko maganar tana da hanyar da za a bi a tabbatar da ita ko a ƙaryata ta.

Shari'ar da ta fi bayyana wannan iyaka ta faru ne a Ingila a 1892. Wani kamfani mai suna Carbolic Smoke Ball ya yi talla cewa zai biya fam 100 ga duk wanda ya yi amfani da maganinsa na shaƙa yadda aka tsara amma ya kamu da mura, ya kuma ƙara da cewa ya ajiye fam 1,000 a banki don nuna da gaske yake. Wata mata mai suna Louisa Carlill ta yi amfani da maganin, ta kamu da murar, ta nemi kuɗinta, sai kamfanin ya ce ai kambamawar talla ce kawai. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi yarda, domin ambaton kuɗin da aka ajiye a banki ya nuna ana son jama'a su ɗauki maganar da muhimmanci, kuma ta umarci a biya matar. Daga wannan shari'a ake fahimtar cewa duk lokacin da mai talla ya sa adadi, ko wa'adi, ko sunan wata hukuma don ƙarfafa maganarsa, ya ɗaure kansa da ita.

Mataki na uku: duba abin da aka bari ya zauna a zuciyarka

Nan ne ya kamata a fi tsayawa, domin yaudarar da ta fi yawa a yau ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Mai sayarwa yakan zaɓi kalmomin da kowace ɗaya gaskiya ce, amma idan aka haɗa su sai su haifar da fahimtar da ba daidai ba. Ana rubuta "an tsara shi a Jamus" da manyan baƙaƙe, a ɓoye inda aka ƙera shi a can ƙasa da rubutun da ido ba ya gani. Ana ce an yi rangwamen rabin farashi, alhali ba a taɓa sayar da kayan a kan tsohon farashin da aka soke ba. Ana tallata farashi mai sauƙi, sai mai saye ya kai matakin biya sannan wasu kuɗaɗen dole su fara ɓullowa. Dokokin zamani sun rufe wannan ƙofa, domin sun hana magana mai ɓatarwa ko da gaskiya ce, sun kuma hana yin shiru kan bayanin da mai saye yake buƙata kafin ya yanke shawara, kamar ɓoye cewa mota ta taɓa yin mummunan haɗari ko cewa wayar da aka nuna a matsayin sabuwa gyararriya ce.

Hukumar FTC ta bayyana ma'auninta a 1983, kuma yana kusa da wanda Turai ke amfani da shi. Tambayoyi uku ne. Shin akwai magana, ko shiru, ko wani aiki da zai iya ɓatar da mutum? Shin mai saye na yau da kullum, wanda ke da hankali daidai gwargwado, zai iya faɗawa ciki? Sannan shin abin yana da nauyin da zai sa mutum ya sayi abin da da bai saya ba, ko ya biya abin da da bai biya ba? Idan amsar ukun duka e ce, to kana da hujja. Idan kuma tallar an nufi yara ne da ita, ko tsofaffi, ko marasa lafiya masu neman waraka, ana auna ta ne da fahimtar irin waɗannan mutane, kuma wannan adalci ne, domin wanda ciwo ya galabaitar ya fi kowa saurin gaskata mai cewa yana da magani.

Abu ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a dokoki masu yawa ba a buƙatar ka nuna mai sayarwa ya yi niyyar yaudara. Sashe na 18 na dokar masu saye ta Ostareliya ya hana duk wani aiki na kasuwanci mai ɓatarwa ko mai iya ɓatarwa, kuma kotunan ƙasar sun tabbatar cewa kyakkyawar niyya ba ta wanke mutum. Saboda haka kada amsar "ni ma haka aka faɗa mini" ta karya maka gwiwa. Umarnin Turai na 2005 ya ƙara da jerin ayyuka 31 da aka haramta kai tsaye ba tare da wani awo ba, daga cikinsu akwai kiran abu kyauta alhali sai an biya, da cewa kaya sun kusa ƙarewa ko rangwame na ɗan lokaci ne don a gaggauta mai saye alhali ba haka ba ne, da ƙaryar cewa haja tana warkar da cuta, da ɗan kasuwa ya yi shigar mai saye yana yabon kayansa.

Sai dai kuma ka yi wa kanka adalci a wannan mataki. Idan an gaya maka aibin a fili, ko an rubuta cewa kayan na hannu ne kuma ka gani, to wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka nan waɗannan dokoki sun fi shafar wanda ke sayarwa a matsayin sana'a. Mutumin da ya sayar da tsohuwar kujerarsa sau ɗaya ba ya shiga ƙarƙashin yawancinsu, ko da yake dokar kwangila tana iya kama shi idan ya yi ƙarya.

Mataki na huɗu: kama shaida kafin ta ɓace

Siffantawa a intanet tana iya canzawa cikin minti ɗaya, kuma abu na farko da mai sayarwa marar gaskiya yake yi idan ya ji ƙorafi shi ne gyara shafinsa. Don haka kafin ka tuntuɓe shi ka ɗauki hoton tallar gaba ɗaya, yadda adireshin shafin da ranar za su fito. Ka adana saƙonnin da kuka yi musaya, da rasit, da shaidar tura kuɗi, da takardar garanti, da kwalin da kayan suka zo a ciki, domin sau da yawa a jikin kwalin ne ƙaryar take. Idan maganar da baki aka yi, ka rubuta ta nan take tare da rana da sunan wanda ya yi ta da waɗanda suka ji, sannan ka aika wa mai sayarwa saƙo kana maimaita abin da ya faɗa, domin amsarsa, ko ma shirunsa, za ta iya zama shaida daga baya.

Ka dakatar da amfani da kayan, kuma kada ka kai su gyara ko ka buɗe su da kanka, saboda hakan yana ba wa mai sayarwa damar cewa kai ka lalata su.

Mataki na biyar: nuna tazarar da ke tsakanin magana da zahiri

Wani lokaci gani ya kori ji, kamar idan an ce guda goma sha biyu ne ka ƙirga ka sami goma. Wani lokacin kuma sai an nemi gwani: maƙerin zinariya ya gwada awarwaro, makaniki ya duba ko injin sabo ne, ko kamfanin da ke da tambarin ya tabbatar cewa lambar da ke jikin kayan ba tasa ba ce. Ka nemi a rubuta maka sakamakon a takarda mai sa hannu da kwanan wata, kuma ka ajiye rasit ɗin kuɗin gwajin, domin ana iya haɗa shi cikin abin da za ka nema.

Akwai yaudarar da ba wani mai saye shi kaɗai da zai iya gano ta. A farkon 2013 gwajin ƙwayoyin halitta da hukumar kula da abinci ta Ayalan ta yi ne ya bankaɗo cewa ana sayar da naman doki da sunan naman sa a ƙasashen Turai. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya saka wa motocinsa masu amfani da dizal wata manhaja da ke rage hayaƙi a lokacin gwaji kawai, kuma kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kimanin miliyan 11 a duniya. FTC ta kai shi kotu a 2016 kan tallarsa ta "dizal mai tsafta", aka kuma yi sulhun da ya tanadi kusan dala biliyan 10 don masu motocin a Amurka. A irin wannan hali nauyin hujja ba ya kanka kai kaɗai, domin ƙa'idar da hukumomi da yawa ke bi ita ce mai talla ya mallaki hujjar iƙirarinsa tun kafin ya yi shi, kuma hukuma tana da ikon tilasta masa ya kawo ta.

Mataki na shida: rubuta wa mai sayarwa

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma a nan jinkiri yana iya cinye hakki. A Birtaniya, dokar hakkin masu saye ta 2015 ta ba da kwana 30 na mayar da kayan da ba su dace da siffarsu ba a karɓi cikakken kuɗi, bayan haka kuma sai a fara da gyara ko canji. A Tarayyar Turai akwai kwana 14 na janyewa daga yawancin cinikin da aka yi daga nesa, da kuma garantin doka na aƙalla shekara biyu. Ka binciki wa'adin da dokar ƙasarka ta gindaya tun ranar da ka gano matsalar.

Wasiƙar ta zama gajeriya kuma cikin ladabi. Ka faɗi abin da ka saya da ranar, ka kawo siffantawar yadda aka yi ta, ka bayyana abin da ka samu, ka haɗa kwafin shaidunka ka riƙe na asali, sannan ka faɗi abu ɗaya takamaimai da kake nema, ko mayar da kuɗi, ko canji, ko rage farashi, tare da ranar da kake jiran amsa. Ka guji zagi da barazana, kuma ka yi hattara da yaɗa zargi a Facebook ko wasu shafuka kafin hujjarka ta kammala, domin kalmar "ɓarawo" da ba ka iya tabbatarwa ba tana iya juyar da ƙarar ta koma kanka. Idan aka nuna maka rubutun nan na "ba a mayar da kaya bayan an saya", ka sani cewa a yawancin dokokin kare masu saye irin wannan sanarwa ba ta soke hakkin wanda aka sayar wa abin da ya saɓa wa siffarsa.

Idan da kati ka biya, ka tuntuɓi bankinka a lokaci guda, domin kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard suna da tsarin ƙalubalantar biyan kuɗi idan kaya ba su zo yadda aka siffanta su ba, kuma shi ma yana da wa'adi.

Mataki na bakwai: zaɓi ƙofar da ta dace

Mutane kan rikita ƙofofi biyu. Hukumar kare masu saye aikinta shi ne ta binciki laifi, ta dakatar da talla, ta ci tara, ko ta gurfanar da mai laifi, kuma ba kullum ne hakan ke mayar maka da kuɗinka ba, ko da yake wasu hukumomin suna shiga tsakani ko su ba da umarnin biya. Kotu kuwa ita ce wurin neman soke ciniki da diyya, kuma ƙasashe da yawa suna da kotun ƙananan da'awa inda ba dole ne a ɗauki lauya ba. Babu laifi ka bi duka biyun. Idan kayan magani ne, ko abinci, ko harkar kuɗi, ko sadarwa, hukumar da ke kula da wannan fanni takan fi saurin aiki. Idan mai sayarwa yana wata ƙasa, akwai shafin econsumer.gov da haɗakar hukumomin kare masu saye ta ƙasa da ƙasa ke amfani da shi wajen tattara ƙorafi.

A ganina, ko da kuɗin da ka rasa ba su taka kara sun karya ba, kai ƙorafi yana da muhimmanci, domin hukuma ba ta gane cewa yaudara tsararriya ce sai ta ga ƙorafi iri ɗaya ya taru daga mutane daban-daban, kuma mai yaudarar ƙananan kuɗi yana cin riba ne daga kasalar waɗanda ya cuta.

Idan kai ne mai sayarwa

Waɗannan matakai suna aiki a juye. Ka ɗauki kowace talla da kowane rubutu da ke jikin kayanka, ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da za a iya aunawa, ka tambayi kanka ina takardar da ke tabbatar da shi. Abin da ba ka da hujjarsa ka cire. Kada ka kwafi maganar wanda ya sayar maka da sari ka liƙa ba tare da bincike ba, domin da zarar ka isar da ita ga mai saye ta zama taka. Idan akwai abin da ba ka da tabbas a kansa, kamar lambar mitar mota, ka bayyana hakan da rubutu mai girma da fitowa daidai da siffantawar kanta, domin kotunan Ingila sun ƙi karɓar togaciyar da aka ɓoye a ƙaramin rubutu. Ka tuna kuma cewa ba mai saye da hukuma kaɗai ke sa ido ba, domin a Amurka dokar Lanham ta 1946 ta ba abokin gasa damar kai ƙarar wanda ya yi tallar ƙarya.

Dokoki da yawa sun tanadi kariya ga ɗan kasuwar da ya nuna ya ɗauki duk matakan da suka dace don kauce wa kuskure, amma wannan kariya tana buƙatar tsari a rubuce: wa ke duba talla kafin ta fita, wa ke sabunta farashi, wane horo aka ba ma'aikata. Da irin wannan tsari ne kamfanin manyan kantuna na Birtaniya mai suna Tesco ya kuɓuta a kotu a 1971, lokacin da wani reshensa ya bar tallar rangwamen garin sabulu a manne bayan kayan rangwamen sun ƙare. Akasin haka ya sami kamfanin yawon buɗe ido na Wings a 1984. Littafin tallarsa ya ce wani otal a Siri Lanka yana da na'urar sanyaya ɗaki, kamfanin ya gano kuskure ne ya kuma umarci a gyara, amma wani mai saye ya karanta tsohon littafin da ba a gyara ba ya biya kuɗi, kuma kotun ƙolin Birtaniya ta lokacin ta sami kamfanin da laifi. Saboda haka idan ka gano kuskure a siffantawarka, ka bi duk inda ta shiga, a shafinka da wurin dillalanka da takardun da ka raba, ka janye ta, sannan ka sanar da waɗanda suka riga suka saya a kanta kafin su gano da kansu.